Me ya sa Bisharar Matiyu ta fara da jerin sunaye?

Mai karatu a majami'a, Garwa:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Dattawan majami'armu sun ba ni karatun Lahadin da ke gaban Kirsimeti, kuma nassin da suka zaɓa shi ne Matiyu sura 1 dukanta. Daren jiya na zauna a tsakar gida ina bitarsa da murya, sai na tarar ayoyi 17 na farko sunaye ne zalla, wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane. Na san yadda jama'a ke yi idan aka shiga irin wannan karatu: yara su fara mutsu-mutsu, manya su sunkuyar da kai suna jiran a iso wurin mala'ika da Yusufu. Zuciyata ta raya mini in roƙi fasto ya bar ni in fara daga aya ta 18, amma na kasa, domin ban yarda cewa wanda zai ba da labarin Almasihu zai buɗe littafinsa da abin da ba shi da amfani ba. Abin da ya ƙara dame ni shi ne, da na buɗe Luka 3:23-38 don in gwada, sai na ga Matiyu ya ce mahaifin Yusufu Yakubu ne, Luka kuwa ya ce Heli. Ina roƙon masu sani su fahimtar da ni, don kada in tsaya a gaban jama'a ina karanta abin da ni kaina ban gane ba.

Tsohon malamin makaranta, Marwa:
Ɗana, ka yi daidai da ba ka tsallake ba. Mu da muka tashi a ƙasar da ake da lamido da fada bai kamata wannan sura ta zama baƙuwa a gare mu ba. Ranar hawan salla, idan maroƙi ya ɗaga murya yana jero kakannin lamido ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ke cewa ya taƙaita, domin kowa ya san abin da yake faɗa shi ne: wannan da ke kan doki ɗan gidan ne, sarautar ba tsintar ta ya yi ba. Aikin da Matiyu ya yi ke nan ga Yahudawan da suke jiran sarki daga gidan Dawuda. Aya ta farko ta riga ta faɗi kome, inda ta kira Yesu ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim. An yi wa Ibrahim alkawari a Farawa 12:3 cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka, an kuma yi wa Dawuda alkawari a 2 Sama'ila 7:12-16 cewa gadon sarautarsa zai tabbata har abada. Duk wanda zai ce shi ne Almasihu, tambayar farko da za a yi masa ita ce daga wane gida ya fito. Kuma su ba sa wasa da salsala: Ezra 2:61-63 ya nuna wasu da suka komo daga Babila suna cewa su firistoci ne, aka nemi sunayensu a rubuce ba a samu ba, sai aka fitar da su daga aikin firist.

Ɗalibin tauhidi, Njamena:
Baba, na yarda da abin da kuka faɗa, amma ina neman izini in ƙara wani abu, domin idan muka ɗauki jerin Matiyu kamar takardar haihuwa da aka buga wa hatimi, za mu shiga matsalar da shi marubucin bai sa mu ciki ba. A aya ta 8 ya ce Yoram ya haifi Uzziya, alhali 1 Tarihi 3:11-12 ya nuna akwai sarakuna uku a tsakaninsu, wato Ahaziya da Yowash da Amaziya. A aya ta 11 kuma ya tsallake Yehoyakim tsakanin Yosiya da Yekoniya. Mutumin da ya san Littattafai kamar Matiyu bai manta da su ba, barin su ya yi da gangan domin ya tsara tarihin Isra'ila kashi uku, kowane kashi tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga bautar Babila zuwa Almasihu. Masana da yawa sun lura cewa a Ibraniyanci haruffa su ne lambobi, kuma haruffa uku na sunan Dawuda suna ba da 4 da 6 da 4, jimla 14. Ke nan tsarin jerin kansa yana maimaita sunan Dawuda sau uku. Kalmar haifa a wurinsu tana iya ɗaukar jika da tattaɓa-kunne, kamar yadda mu ma muke ce wa mutum ɗan gidan wane ko da wanen ya rasu shekara ɗari da suka wuce. Wanda ya ƙirga da yatsa zai ga kashi na uku sunaye 13 ne, sai an sake ƙirga Yekoniya a farkonsa kafin su cika 14, kuma wannan ma yana nuna cewa wa'azi Matiyu yake yi da sunayen.

Tsohon malamin makaranta, Marwa:
Ban ƙi ba, ɗana, sai dai ka yi hattara da kalmar wa'azi, kada matasa su ɗauka cewa sunayen ƙirƙira ne. Maroƙin da ya tsallake lamidon da bai daɗe ba a kan karaga bai yi ƙarya ba, amma waɗanda ya ambata mutane ne da suka yi rayuwa. Gidan Dawuda ba tatsuniya ba ne. A 1993 masu tonon tarihi sun sami wani dutse a Tel Dan, a arewacin Isra'ila, mai rubutun Aramiyanci da ya ambaci gidan Dawuda, kuma maƙiyin Isra'ila ne ya sa aka rubuta shi. Shi Yekoniya da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, an tono allunan yumɓu a Babila masu lissafin man da ake ba shi da 'ya'yansa a matsayin abincin fursuna, suna kuma ajiye a Balin ta ƙasar Jamus.

Wata uwa daga zumuntar mata, Ngaundere:
Malamai, ku gafarce ni in sa baki. Kuna ta maganar sarakuna da lissafi, amma abin da ya riƙe ni a wannan sura tun ina budurwa shi ne matan da ke ciki. A al'adar wancan zamani ta wajen uba ake bin salsala, duk da haka Matiyu ya saka mata biyar har da Maryamu, kuma bai zaɓi Saratu ko Rifkatu da kowa ke alfahari da su ba. Ya ambaci Tamar, wadda surukinta Yahuza ya hana ta haƙƙinta har ta ɓad da kama ta sami ciki da shi, kuma daga baya shi da bakinsa ya ce ta fi shi gaskiya. Ya ambaci Rahab ta Yariko, wadda Littafi bai ɓoye sana'arta ba. Ya ambaci Rut, mutuniyar Mowab, alhali Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji. Da ya zo kan uwar Sulemanu kuwa bai ma kira sunanta ba, ya ce matar Uriya, domin kada mai karatu ya manta da mutumin da Dawuda ya sa aka kashe a bakin daga.

A gidajenmu mun san yadda ake yi idan ana neman aure. Dattawa su je bincike, su tambayi asali, kuma kowane gida yana da sunan da ake rufewa da tabarma idan baƙi sun zo. Ni kakata ta wajen uwa baiwa ce da aka kawo daga duwatsu, kuma na girma ina ganin yadda ake sauya zance idan aka zo kanta. Na tuna hannuwanta, duk sun yi kanta saboda niƙa, da yadda take zama a bakin ƙofa idan ana taron dangi, ba ta shiga tsakiya. Ranar da wata tsohuwa ta karanta mana Matiyu 1 a taron mata ta tsaya a kan sunan Rahab, na yi kuka, domin na ga Allah bai ji kunyar saka irin kakata a cikin gidan da Ɗansa zai fito ba. Saboda haka, ɗana na Garwa, idan ka tsallake waɗannan ayoyi, ka san akwai mata a kan bencin majami'arku da ka hana su jin nasu rabon.

Mai karatu a majami'a, Garwa:
Mama, na gode, wannan magana ta shige ni ƙwarai. Ban taɓa lura cewa ba a kira sunan Batsheba, uwar Sulemanu, ba sai yanzu da na koma na duba aya ta 6. Amma har yanzu batun Yakubu da Heli yana nan, kuma na ga bambancin ya wuce nan, domin Matiyu ya bi ta Sulemanu, Luka kuwa ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda.

Ɗalibin tauhidi, Njamena:
Haka ne, ƙanena, kuma gara a faɗi abin yadda yake. Daga Ibrahim zuwa Dawuda jerin biyu kusan ɗaya ne. Daga Dawuda sai suka rabu, suka sake haɗuwa a kan Sheyaltiyel da Zarubabel, suka kuma rabuwa har zuwa Yusufu. Bayan Dawuda Luka yana da sunaye 42 har da na Yesu, Matiyu yana da 27. Kiristoci sun ga wannan tun da wuri. A ƙarni na 3 Yuliyus Afirkanus ya rubuta wasiƙa a kai, wadda Yusibiyus ya adana a tarihin ikkilisiya da ya rubuta a ƙarni na 4. Bayaninsa ya dogara ga dokar Maimaitawar Shari'a 25:5-10, cewa idan mutum ya mutu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan fari kuma a kira shi da sunan mamacin. Ya ce Yakubu da Heli uwarsu ɗaya ubanni daban, Heli ya mutu ba ɗa, Yakubu ya auri matarsa ya haifi Yusufu, don haka Yusufu ɗan Yakubu ne ta jini, ɗan Heli ne ta shari'a. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, tun da gadon matar ɗan'uwa sananne ne a kabilu da dama na arewacin Kamaru da kudancin Cadi. Wasu kuma suna cewa Matiyu ya jero magada sarauta ne, Luka ya jero iyayen jini. Akwai bayani na uku da aka fi ji a kan mumbari, cewa Luka salsalar Maryamu ya kawo, Heli kuma mahaifinta ne. Ni wannan na uku bai gamsar da ni ba, domin Luka sunan Yusufu ya rubuta, kuma abin da ya faɗa game da dangin Maryamu shi ne cewa ita 'yar'uwar Alisabatu ce, wadda ta fito daga zuriyar Haruna.

Tsohon malamin makaranta, Marwa:
A nan mun saɓa. Luka ya ce Yesu ɗan Yusufu ne bisa ga zaton mutane, kuma wannan ɗan ƙarin ya buɗe ƙofar cewa jerin da ya biyo baya ta wani gefen ya bi. Zumunta da Alisabatu kuwa ba ta hana Maryamu zama 'yar gidan Dawuda ba, tun da kabilu suna auratayya. Bulus ma ya ce a Romawa 1:3 Yesu daga zuriyar Dawuda yake ta wajen jiki. Ba zan ce dole kowa ya bi ni ba, amma shekara da shekaru da wannan fahimta nake koyarwa, kuma ban ga abin da ya rushe ta ba.

Wani maƙwabci Musulmi, Kuseri:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin wannan zaure ina karuwa, kuma ina fata ba za a ɗauki tambayata da wata manufa ba. Mu ma muna kiran Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Almasihu, mun kuma yi imani cewa Nana Maryamu ta haife shi ba tare da namiji ba, shi ya sa Alƙur'ani ke kiransa ɗan Maryamu. To, idan ku ma kun yarda Yusufu ba shi ne ya haife shi ba, mene ne amfanin jero kakannin Yusufu? A wurinmu riƙo ba ya mayar da yaro ɗan gida ta fuskar nasaba, Suratul Ahzabi ta ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu. Agola yana cin tuwon gida, amma ba ya gadon sarautar gidan.

Ɗalibin tauhidi, Njamena:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarku ita ce ta fi kowace nauyi a wannan zance, kuma Matiyu da kansa ya san za a yi ta. Tun daga aya ta 2 yake cewa wane ya haifi wane, amma da ya iso aya ta 16 sai ya karya tsarin, bai ce Yusufu ya haifi Yesu ba, ya ce Yusufu mijin Maryamu, wadda ta haifi Yesu. Ayoyin da suka biyo baya amsar tambayarku ce. Mala'ika ya kira Yusufu da laƙabin ɗan Dawuda, ya umarce shi da abu biyu, ya ɗauki Maryamu zuwa gidansa, ya kuma raɗa wa yaron suna, sura kuma ta ƙare da cewa ya sa masa suna Yesu. Ku kun san nauyin wannan fiye da ni, domin a garuruwanmu ranar suna uba ne ke faɗa wa liman sunan a kunne, kuma wanda ya yi haka a gaban jama'a ya amsa cewa yaron nasa ne. Yaron da aka haifa a ɗakin auren mutum, mutumin kuma ya amshe shi ya raɗa masa suna, ba agola ba ne a idon jama'ar Yusufu, shi ya sa mutanen Nazarat suke ce masa ɗan masassaƙi. Dokar auren matar ɗan'uwa da na ambata ta riga ta nuna cewa a shari'ar Musa ɗa yana iya ɗaukar sunan gida da gadonsa ba ta jini ba. Na san shari'arku ta bambanta a nan, ba kuma ina neman in shafe bambancin ba ne. Abin da Kirista ke gani shi ne Almasihu ya shiga gidan Dawuda ta ƙofar biyayyar wani talaka masassaƙi, alhali asalinsa daga Allah yake. Yesu da kansa ya taɓo wannan a Matiyu 22:41-46, inda ya tambayi Farisiyawa yadda Almasihu zai zama ɗan Dawuda alhali Dawuda ya kira shi Ubangiji a Zabura 110.

Wani maƙwabci Musulmi, Kuseri:
Na gode, Malam. Batun raɗin suna na fahimce shi sarai, kuma ban taɓa jin an bayyana shi haka ba. A kan maganar ƙarshe kuwa kun san inda muka tsaya, Annabi ne mai girma kuma bawan Allah. Allah ya bar zumunci.

Wata uwa daga zumuntar mata, Ngaundere:
Amin, Alhaji. Ina da tambaya ga Baba na Marwa. Me ya sa aka sa bautar Babila ta zama ɗaya daga cikin turakun jerin? Ibrahim mutum ne, Dawuda mutum ne, amma na ukun masifa ce.

Tsohon malamin makaranta, Marwa:
'Yata, wannan shi ne wurin da na fi so a tsaya a kai. Kashi na biyu na jerin gangara ce. An fara da Sulemanu da darajarsa, aka bi ta kan sarakunan da wasunsu suka ji tsoron Allah, wasu suka yi abin ƙyama. Hezekiya mutumin kirki ne, amma ɗansa Manassa ya miƙa ɗansa hadaya ta wuta, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Aka gangaro har kan Yekoniya, wanda Irmiya 22:24-30 ya ce ko da shi zoben hatimi ne a hannun daman Ubangiji za a tuɓe shi, kuma ba wani daga zuriyarsa da zai yi nasarar zama a gadon Dawuda. Bayan shekara kamar goma aka rushe Urushalima da Haikali. Ku sa kanku a matsayin Bayahuden da ke zaune a bakin kogin Babila: an ce gadon zai tabbata har abada, ga shi babu gadon, babu birnin, sarkin kuma yana kurkuku. Ya yi shekara 37 a tsare kafin a sake shi ya riƙa ci a teburin sarkin Babila, kamar yadda ƙarshen 2 Sarakuna ya faɗa. Duk da haka gidan bai mutu ba. Zarubabel, jikan Yekoniya, ya komo da jama'a daga Babila, kuma Haggai 2:23 ya ce masa Ubangiji zai mai da shi kamar zoben hatimi, wato zoben da aka tuɓe an sake sa shi.

Bayan Zarubabel kuwa sai sunayen da ba wanda ya san labarinsu, su Abihudu da Azuro da Akim da Matan. Shekaru wajen 500 gidan sarauta yana noma da sassaƙa a ƙarƙashin Farisawa da Girkawa da Romawa. Ishaya 11:1 bai ce reshe zai fito daga itace mai ganye ba, daga kututturen Yesse mahaifin Dawuda ya ce, kuma duk wanda ya taɓa sare bedi a ƙofar gidansa ya ga yadda kututture ke tofo bayan ruwan farko ya san abin da annabin ke nufi. Yusibiyus ya kawo wani labari daga Hegesifus, wani marubucin Kirista na dā, cewa a zamanin Kaisar Domishiyan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 81 zuwa ta 96, an kawo masa jikokin Yahuza ɗan'uwan Yesu saboda su zuriyar Dawuda ne. Da ya tambaye su dukiyarsu sai suka nuna masa tafin hannuwansu da suka yi kanta saboda noman 'yar gonarsu, ya raina su ya sallame su. Irin gidan da Almasihu ya fito ke nan.

Ɗalibin tauhidi, Njamena:
Baba, a kan wannan ba mu da saɓani. Zan ƙara kawai cewa Luka ya ɗauki wata hanya don wata manufa. Ya ajiye jerinsa bayan baftisma, inda murya daga sama ta kira Yesu Ɗana, ya fara daga Yesu yana komawa baya, bai tsaya a kan Ibrahim ba sai da ya kai Adamu, ya ce Adamu na Allah. Nan take kuma sai labarin gwaji a jeji, inda wannan Ɗa ya tsaya a wurin da Adamu ya faɗi. Bahaushe da Bafulatani da Bamasa da Batufuri ba su cikin jerin Matiyu ta jini, amma ba wanda ke wajen jerin Luka. Ya kamata kuma mu tuna cewa Sabon Alkawari bai bar kowa ya yi taƙama da salsala ba. Yahaya Maibaftisma ya ce Allah yana da iko ya tayar wa Ibrahim 'ya'ya daga duwatsu, 1 Timoti 1:4 ya yi gargaɗi a kan jayayyar asali marar iyaka, Ibraniyawa 7 kuma ta ce firistancin Yesu irin na Malkisadik ne, wanda ba a rubuta salsalarsa ba, domin Yesu daga kabilar Yahuza ya fito, ba daga Lawi kabilar firistoci ba.

Mai karatu a majami'a, Garwa:
Iyayena, Allah ya saka muku da alheri. Batun Heli ban yanke wa kaina hukunci ba tukuna, zan ci gaba da nazarin bayanan da kuka kawo. Amma karatun zan fara shi daga aya ta 1. Baba, ina roƙon ku nuna mini inda ya kamata in riƙa tsayawa, don kada sunayen su zubo wa jama'a kamar tsakuwa.

Tsohon malamin makaranta, Marwa:
Ka karanta aya ta 1 ita kaɗai, ka yi shiru kaɗan. Daga nan ka tafi a hankali, ka ɗan ja numfashi a gaban sunan Tamar a aya ta 3, da Rahab da Rut a aya ta 5. A aya ta 6 ka ɗaga murya a kan sarki Dawuda, ka sauke ta a kan matar Uriya. Idan ka kai Babila a aya ta 11 ka tsaya sosai, har jama'a su ɗago kai. Sunayen da ke tsakanin aya ta 13 da ta 15 ka rubuta su a takarda gaɓa-gaɓa, ka maimaita su kullum da safe har ranar Asabar, domin a nan masu karatu suka fi sauri, kuma waɗannan mutanen ba wanda ke kiran sunansu sai ranar. A aya ta 16 kada ka bari harshenka ya zarce da cewa Yusufu ya haifi, ka karanta yadda aka rubuta.